Daminar da Aka Ɗaure Mini Zogale

Bana ma ruwa ya yi mana irin tasa. Ya sauko da wuri kamar abin arziki, mutanen ƙauyenmu suka fita da sungumi har da masu ciwon baya, masara ta tsiro ta kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke ta yi fes. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga wajen Doguwa, baƙi ƙirin, iska ta yi ta buga ƙofofi, mata su kwashe shanya a guje, sai ya watse ko ɗigo bai yi ba. Maza suna ta zancen iri da taki. Ni kuwa duk sanda na ga irin wannan hadarin na ƙarya, ba gona nake tunawa ba. Ƙirjina ne yake yi mini zafi, ni da na bar shayarwa tuntuni.

Sunana Hajara. Daga wani ƙauye na ƙasar Kiru aka kawo ni gidan nan, kusa da Tudun Wada. Mijina Sale manomi ne, mutum mai sanyi, sanyin ma har ya yi yawa, in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Su biyu ne maza a wajen Baba, surukina, shi da ƙaninsa Nasiru. Sale ya riƙe fartanya, Nasiru ya riƙe biro, kuma ko kajin gidan sun san wanda Baba yake ji da shi.

Tun ina amarya na dasa zogale a bayan ɗakina. Rassa ne na yanko daga gidanmu, na kakkafa su a jere jikin danga. Ruwan wanke-wanke da na wankan yara duk can nake juyewa, shi ya sa ko da rani ba sa bushewa. Ba wanda ya taɓa taya ni ban ruwa, ba wanda ya taɓa cewa nasa ne. Da shi nake kwaɗo, da shi nake miya, kuma akwai wata bafulatana a rugar bayan gari, Adda Jumma, da muka saba: in ba ta dafaffen ganye, ta zuba mini nono a ƙwarya.

To, a wajenmu ƙanin miji abokin wasa ne. Shi zai ce miki matarmu, ya ɗauke miki nama a kwano, ki bi shi da muciya, gida ya yi ta dariya. Duk abin da ya faɗa miki wasa ne, duk abin da kika faɗa masa wasa ne. Matar da ta yi fushi da ƙanin miji, ita ce marar tarbiyya. Ni da Nasiru mun yi wannan wasan sosai, kuma da daɗi muka yi shi. Ban san ranar da zan buɗe baki da gaske a rasa mai jina tana tafe ba.

Na haifi Safiya ana tsakiyar bazara, cikin zafin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka ƙasa da rana. Ita ce mace ta farko bayan maza biyu, kuma na ƙwallafa rai a kanta, ba na ɓoyewa. Nasiru ya zo suna daga Kano, inda yake karatun digiri na biyu a fannin haɗa sinadarai. Da zai koma ya leƙa bayan ɗakina ya ce matarmu a sam masa ganye. Na ce ɗan boko ya gaji da burodi ke nan. Ina jego na tashi na cika masa leda da hannuna, har na ƙara masa da ƙuli. Ƙulin a mota ya cinye shi, ganyen kuwa ashe ba ci zai yi ba.

A shekarar ruwa ya sauka da wuri, aka shuka masara da dawa. Sai fari. Masara ta nannaɗe ganyenta, ta yi fari-fari, ta kwanta. Ƙasa ta tsattsage. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo da ƙura a goshi. Da ruwan ya waiwayo aka yi gayya aka sake shuka, yau gonar wannan gobe ta wancan, kuma abin da aka zuba a ramukan nan shi ne ragowar abin da ke cikin rumbu. Ranar gayyar gonarmu kunu tsararo muka kai wa mutane, kana iya hango ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Ba wanda ya yi ƙorafi, don gidan kowa haka yake.

Daga nan girki ya koma sau ɗaya, da la'asar. Tuwon dusa, miyar kuka ba mai ba daddawa. Sale yakan tafi ƙwadago gonakin dankali a Doguwa, ya yi kwanaki, ya dawo da ɗan abin da ya kwanta a ƙasan buhu. Fulani suka kora shanu suka nufi dajin Falgore neman ciyawa, aka bar Adda Jumma da tsofaffin shanun da ba za su iya tafiya ba. Tafasa da yaɗiya kuwa, duk matan gari a kansu suke, kafin ganye ya gama buɗewa an tsinke shi.

Ni zogale ne ya riƙe ni. Da safe in tsinko in dafa, in sha ruwan da ɗuminsa, in ci ganyen da gishiri in babu ƙuli, in ba yara nasu, in ajiye na Adda Jumma. Da wannan nonona yake kawowa. Safiya tana sha tana ƙoshi, kumatunta a cike, in ka gan ta ba za ka ce a gidan yunwa take ba.

A cikin wannan halin Nasiru ya dawo, fuskarsa sai sheƙi take. Ya zauna a zaure gaban Baba, aka aika in zo in ji. Na durƙusa a bakin ƙofa da Safiya a baya.

Ya ce ganyen da na ba shi ya yi abin mamaki. Wai akwai wani farin gari da ake samu daga wani sinadari, taitaniyam, na daɗe kafin bakina ya iya faɗarsa. Shi ake sa wa fenti ya yi fari tas, ana sa shi a man da ake shafawa saboda rana. In aka yi shi ya yi laushin da ido ba ya iya ganin ƙwaya ɗaya, sai a zuba shi a gurɓataccen ruwa, irin na rini da masana'antu ke zubarwa, a ajiye a rana, ya cinye launin da dattin. Da can da magunguna masu guba ake haɗa shi. Shi kuwa da ruwan ganye yake haɗawa. A shanya zogale a inuwa, a daka, a tafasa, a tace, a riƙa ɗiga ruwan cikin sinadarin ana juyawa har ya yi fari kamar kindirmo, sannan a busar a gasa.

"Hanya ce mai tsabta, Baba," in ji shi. "Ba ta cutar da kowa."

Baba ya yi ta gyaɗa kai, ko rabin zancen bai gane ba, amma ɗansa ne yake faɗa. Sai Nasiru ya zo kan abin da ya kawo shi. Malaminsa ya ce dole duk aikin a ƙarasa shi da ganyen bishiyoyin da aka fara da su, don na kasuwa ba a san inda ya fito ba, ba a san ko an yi masa feshi ba. Kuma ba sau ɗaya za a haɗa ba, za a yi ta maimaitawa ne, ga abokan karatunsa su ma suna so. Saboda haka a bar ganye ya ƙosa. Kada a tsinka, kada a barbaɗa masa toka, sai ya zo.

Na ce, "Baba, da ganyen nan nake shayarwa."

Nasiru ya juyo yana nuna ni da yatsa. "Kun ji ta ko? Matarmu akwai rowa. Ganye ma sai an kai ta gaban alƙali."

Zaure ya ɗauki dariya, Baba har da share ƙwalla. Sale ma ya yi tasa yana kallon ƙasa. Da aka lafa Baba ya ce ganye ai ga shi nan cike da daji, ba za a tsayar da karatun yaro saboda kwaɗo ba. Nasiru ya yayyaga wani jan ƙyalle ya ɗaure wa kowace bishiya, Baba ya sa a saro ƙaya a kewaye su. Mijina ne ya saro ta, shi ya jera ta da hannunsa.

Tagar ɗakina a kansu take. Ina zaune ina kallon ganye yana ƙaruwa, yana yin duhu, iska na kaɗo mini ƙamshinsa. Na koma bin matan gari neman tafasa, in dawo da abin da bai cika tafin hannu biyu ba, in ci ta murɗa mini ciki. Adda Jumma ta zo ta tarar ba ni da abin ba ta. Ta zuba mini nono haka nan, ta sake zubawa wata ranar, daga nan ta canja hanya. Ban ga laifinta ba, ita ma da bakuna a rugarta.

Sai marka ta kama. Ruwa ba dare ba rana, yayyafi ya tsaya mamako ya karɓa. Danga ta zube, itace ya jiƙe, in ka hura wuta hayaƙi kawai za ka sha. Zanen goyo ba ya bushewa, ɗaki sai warin danshi. Ko'ina kore shar, masara ta kai ƙugu, amma ba ta ko fara goyo ba, ciki kuwa wayam. Yunwar marka ta fi ta fari cin rai, don ita kana ganin abinci yana tahowa, ka san kuma bai iso ba.

A cikin ruwan nan Nasiru ya zo, shi da Sale suka zage bishiyoyin tun daga ƙasa har ƙoli. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure da shagon Baba aka baza ganye, don ya ce rana tana kashe abin da yake nema a ciki, ko da ma ranar babu ita. Ya koma Kano ya bar sallahu a riƙa juyawa safe da yamma. Wa zai juya? Ni mana, ai aikin mata ne. Sai in shiga in durƙusa in cusa hannuwana cikin ganyen nan har gwiwar hannu, ina juyawa, yawu yana tarar mini a baki, Baba yana kishingiɗe da carbinsa yana kallona.

Bai bushe ba. Ya yi laushi, ya yi baƙi, fumfuna ta hau shi, zaure ya ɗauki wari. Da Nasiru ya zo ya ɗebo ya shinshina, ya yi tsaki, ya ce wannan ya tashi daga aiki. Ya ɗan yi jimami, sannan ya ce ba komai, ai zogale ne, zai sake tohowa. Aka kwashe a kwando aka juye a juji, ruwa ya yi ta dukansa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon abincin makonni yana narkewa. Aka gyara ƙayar, aka sake ɗaura jan ƙyalle.

A wannan jiran na biyu ne nonona ya fara ɗaukewa. Safiya za ta kama ta ja ta ja, ta saki, ta ƙwalla ƙara, ta sake kamawa da dasashi har in ji zafin a tsakiyar kaina. Na juya ta wannan, na juya ta wancan, duk ɗaya. Na ɗura mata ruwan kunu, ya zame mata gudawa. Kumatun nan suka zube, wuya ya yi siriri, maɗiga ta faɗa. Daga baya ma kukan ya daina fita sosai, ya koma kamar na 'yar kyanwa. Wallahi na gwammace ihun.

Na goya ta na lulluɓe mu da leda, na hau acaɓa zuwa asibiti a Tudun Wada. Malamar da ta duba mu ta gwale idon yarinya, ta gwale nawa, ta ce ba ciwo ba ne, yunwa ce, kuma yunwar uwa ce. Ta fara zancen madarar gwangwani, ta dubi zanen da ke jikina, ta bar zancen.

"Ba ku da zogale a gida?" ta ce. "Ki riƙa ci safe da yamma, ki sha ruwan."

Na ce muna da shi.

Na dawo na gaya wa Sale, na ce ya je ya faɗa wa Baba abin da asibiti suka ce. Ya shiga zaure ya daɗe, ya fito yana sosa ƙeya, ya ce Baba ya ce a ƙara haƙuri, saura kaɗan. Sai na jira maza suka tafi gona, na zura hannu ta cikin ƙaya na tsinko. Sabon toho ne, lallausa, irin wanda ko tafasa ɗaya ta ishe shi. Hannuna ya yi kaca-kaca da jini. Na ɗiba, kuma ko yau aka mayar da ni zan sake ɗiba, bishiyata ce. Na yi haka 'yan kwanaki, har na fara jin nauyi-nauyi a ƙirjina.

Amma ƙamshin dafaffen zogale ba ya ɓuya. Baba ya zagaya ya ga gurbin, ya sa aka kira ni. Shi ba abokin wasana ba ne, saboda haka ba a yi dariya ba. Ya ce in na ƙara, in tattara in tafi gidanmu, yara kuwa na gidan nan ne, har wadda ke bayana. Ya san mahaifina ya rasu, ya san mahaifiyata tana raɓe ne wajen yayana, cikin yunwa irin tamu. Da yamma Nasiru ya bugo waya, aka ba shi labari, ya ce a gai da masa ɓarauniyarsa. Nan kuwa aka yi dariya.

Ranar da ya zo kwasa ta biyu da aron mota ya zo, tare da matarsa Maryam, tana shayar da ɗansu wanda ya ɗan girmi Safiya. Wannan karon ɗanye zai tafi da shi, ya busar a Kano ƙarƙashin fanka. Suna can baya suna zagewa, Maryam ta shigo ɗakina gaisuwa. Zan faɗi gaskiya a kanta, ba muguwa ba ce. Tana ɗaga zanen da na rufe Safiya ta yi salati, hawaye suka zubo mata. Ba ta tambaye ni ba, ta ɗauke ta ta sa mata nono. Yarinyar nan ta kama, na ji tana haɗiya, ƙwat, ƙwat, har tana ƙwarewa. Rabon da in ji wannan ƙarar na manta. Na gode wa Allah, kuma na ji kamar in shaƙe matar nan, duk a lokaci guda.

Kafin la'asar magana ta kai zaure, Baba ya yanke. Su tafi da ita, Maryam ta shayar da su biyun, in kaka ta yi a dawo da ita. Gida ya ɗauki sa albarka, wai Nasiru ya riƙe zumunci, ba kowane ɗan boko ne zai yi haka ba. Ba wanda ya tambaye ni. Na bi su har bakin mota, ana cusa buhunan ganye a baya. Ban taɓa kiran sunansa gatsal ba sai ranar.

"Nasiru, ka bar mini ganyen nan. In ka bar shi, 'yata ba sai ta je ko'ina ba."

Ya rufe bayan motar, ya kaɗe hannu, ya dubi matan da suka fito rakiya. "To fa. Rowar ta tashi daga kan ganye ta koma kan 'ya."

Suka kwashe da dariya, wata har tana dukan kafaɗata, wai ni da mijin nan nawa ba ma gajiya. Motar ta tashi, ta je kwanar masallaci ta kafe a cikin jan taɓo. Na tsaya ina roƙon Allah kada ta fita. Maza suka naɗe wando suka tura ta, har da Sale.

Washegari Baba ya sa aka janye ƙayar, ya ce yanzu sai in ci iya cina. Sanduna ne tsaye, ko ganye ɗaya babu. Kafin su sake tohowa nonona ya ƙafe ƙaf, don babu mai ja.

Kaka ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Masara ta yi goyo bibbiyu, rumbu ya cika, aka koma tuwo har da na ɗumame. Na ce wa Sale kaka ta yi. Ya shiga zaure ya fito, ya ce Baba ya ce ai ba a raba yaro da nono, ni kuma ba ni da shi, a bari sai an yaye. Ya ƙara da cewa tunda ta sha nonon Maryam, ko a addini ma uwarta ce.

Da Babbar Sallah Nasiru ya zo shi kaɗai, wai yara suna mura. Ya tara mu a tsakar gida ya fito da wata 'yar kwalba da takardu. Ya ce ya aika farin garin nan can wani birni mai nisa, inda ake da injin da ke haska shi ya faɗi irin ƙirarsa, da wani injin da ke ɗaukar hoton abin da ido ba ya gani. Hoton ya zaga hannu hannu. Wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne masu ruwan toka, kamar ƙwan kifi. Ya ce girmansu ya yi daidai, ƙirarsu kuma ita ce wadda ta fi aiki a rana. Ya kawo ruwa shuɗi a kofin gilashi, ya barbaɗa garin kaɗan, ya juya, ya ajiye a kan turmi a rana. Kafin la'asar shuɗin ya tafi. Da idona na gani. Aikinsa gaskiya ne, kuma wannan ya fi komai ci mini rai, don da ƙarya ce da na samu abin zagi.

Kwalbar ta iso hannuna. Garin da ke ciki bai fi a sa a miya ba. Na ce duk zogalen nawa ke nan?

Ya ce a'a, ai babu zogale a ciki. "Shi ganyen aikinsa ya riƙe ƙwayoyin kada su dunƙule. In an gama sai a sa a wuta mai tsanani ta cinye shi, ko ɗigonsa ba ya saura."

Na miƙa masa kwalbarsa. Na tambaye shi ko da hoton Safiya a wayarsa. Ya yi ta dannawa, ya ce kash, duk hotunan aiki ne suka cika ta, na yara suna wayar Maryam. Ya ce af, Ilham ma suke ce mata yanzu.

Aka yaye ta, aka ce ta saba da can. Ta isa makaranta, aka ce karatun birni ya fi. Maryam ta yi ta haihuwar maza, ba ta samu mace ba, ni ma da na sake haihuwa maza ne. Baba ya rasu ba a sake buɗe zancen ba, Sale kuwa in na taso da shi sai ya ɗauki fartanya. In sun zo, sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka, yarinyar tana maƙale da Maryam, a turo ta ta gaishe ni, ta gaishe ni a ladabce ta koma. Gwaggo take ce mini. Yanzu zogale ya zama abin kasuwa, 'yan Kano suna zuwa ranar kasuwar Tudun Wada su saye busasshe buhu-buhu. Bayan ɗakina ya cika da shi har ya fi na da, ga famfo mai aiki da hasken rana a bakin masallaci, kuma ba mai ɗaura wa bishiyata ƙyalle. Ina ci, ina sayarwa, ina bayarwa.

Cikin ɗaukewar ruwan nan ta bana suka zo duba gona, Nasiru da iyalinsa. Dakta ake ce masa yanzu, ya yi tumbi. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, aka kawo masa kujera, mata suka kewaye ana ta hira. Yarinyar ta yi tsawo, ta sa tabarau. Ta san ni na haife ta, ba su ɓoye mata ba. Ina tsige ganye a faranti sai na ga ta taso ta zauna a gefen tabarmata. Ba ta taɓa yi ba. Na ci gaba da tsigewa kamar ban gan ta ba.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Gwaggo, Abba ya ce da bai ɗauke ni ba da na mutu, wai ba ki da nono. Ciwo kika yi?"

Shekara da shekaru ina jiran wani ya yi mini wannan tambayar. Na ajiye farantin. Ban yi ƙasa da tawa muryar ba.

"Ba ciwo na yi ba. Abbanki ne ya kwashe abincin da nake ci in shayar da ke, ya kai makaranta ya ƙone."

Maryam ta sunkuyar da kai, Sale ya kafa wa ƙasa ido. Sai Nasiru ya daki cinyarsa.

"Ban gaya miki ba? Matarmu har gobe ba ta yafe mini ganyen nan ba."

Mata suka fashe, har da masu riƙe ciki. Yarinyar ta dube shi, ta dube ni, ta dubi masu dariya, sai ta gane ashe wasa ne. Ta saki jiki ita ma ta yi. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Irin ta mahaifiyata ce sak, har da dafe ƙirji.